Uba ya ɓata kunne, ɗa ya buɗe shagon magani

A Amurka akwai maharban da ba sa sayen bindiga a haɗe. Bututu daga wannan kamfani, ƙota daga wancan, madubin saiti daga can, sannan a ɗaura mata salansa a baki, wai don ta koyi magana a hankali.

Abin dariyar a gida ɗaya ya faro. Hiram Maxim, wanda ya ƙera bindigar nan mai aman harsasai da sojojin Lugga suka shigo da ita Sakkwato a 1903, ƙarar gwaje-gwajensa ce ta kurmantar da shi. Sai ga ɗansa, Hiram Percy Maxim, ya yi rajistar salansar bindiga a 1909, ya shiga talla.

Amma kada fim ya ruɗe ka da wannan "fit" ɗin da ɗan leƙen asiri ke yi, maigadi na ta minshari. Ƙarar babbar bindiga takan kai desibel 160. Salansa ta zabge 20 zuwa 30, ragowar ma ta fi jiniyar motar asibiti. In harsashi ya fi sauti gudu, yana da tasa tsawar daban, wadda salansa ba ta da hurumi a kanta.

Ga kuma hukuma: dokar Amurka ta 1934 ta ɗora wa mai sayen salansa rajista da zanen yatsu, a da har da harajin dala 200. Mutum ya gama wannan wahala, ya je filin harbi, ya sake toshe kunnuwansa. Bindiga dai ba ta iya raɗa ba.