Wasiƙa zuwa ga Fiyanon Makarantarmu

Zuwa ga Mai Girma Fiyano,
Ɗakin Gwaji, ƙarshen baranda.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki? Tun da damina ta kankama muryarka ta shaƙe, haƙorinka na tsakiya kuma in an danna shi sai ya kwanta abinsa, sai an sa farce an ɗago shi. Allah ya ƙara sauƙi. Na rubuto ne in sanar da kai halin da talakanka na Zango yake ciki, tunda ba ka taɓa leƙo mu ba, kai da ko matsar da kai jikin bango sai an tara ƙarti.

Ana sallame Asuba nake barin Aboabo, in sha koko da ƙosai a tsaye, in kama motar haya ta trotro, in sha cunkoson Kejetia, duk don in riga kowa rubuta suna a takardar da ke manne a ƙofarka. Kullum sai in tarar an cike ta. Abokan karatuna tun suna yara suke taɓa ka a coci, yatsunsu sun san hanya ko a duhu. Ni kuwa da allo na fara, daga dama zuwa hagu, rana tsaka aka miƙo mini takarda mai layi biyar da baƙaƙen ɗigo kamar an shanya wake a igiya, aka ce wai waƙa ce, in karanta.

A gida ma ba a bar ni na huta ba. Inna ta gaya wa maƙwabta malanta nake karantawa, ba ta dai faɗi ta mene ne ba. Baffa kuwa in ya gan ni da jakar littattafai sai ya tuna mini cewa kakanninmu fataken goro ne, ta Salaga suka biyo har suka sauka Kumasi, kuma ba a taɓa yin maroƙi a zuriyarmu ba. Kiɗa gado ne, in ji shi, goge kuma kan bidi'a. Yana faɗin haka muryar Mamman Shata tana tashi a shagonsa, yana kaɗa ƙafa. Ban ce uffan ba, don shi ke biyan kuɗin makaranta.

To, ga ainihin ƙarata. An gaya mana wani Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera kakanka a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700. Haƙoranka 88, farare 52, baƙaƙe 36. Duk wannan baki, ranka ya daɗe, amma ba ka iya cewa “sannu” ba. Tsakanin haƙori da haƙori ba ka da komai, alhali maganarmu hawa take tana gangara, wani lokaci a cikin gaɓa ɗaya. Ka zo biki a Asawase ka ga kalangu. Makaɗin zai saƙale shi a hammata, ya matse tsirkiya murya ta hau, ya saki ta sauka, har ya kira sunan uwar amarya da na ubanta. Tana daga can cikin taro za ta ji, ta gyara ɗaurin kallabi, ta taso tana kwance bakin zane ta liƙa masa kuɗi a goshi. Ba takarda, ba layi biyar. Haka gangunan atumpan ke magana da Twi a fadar Manhyia ranar bikin Akwasidae, gaban Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu. Garin nan ganguna ke magana a cikinsa, amma kai da ba ka jin Hausa ba ka jin Twi, a hannunka sakamakon jarrabawata yake. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba, haka muka ji. Kai ka zo ka shimfiɗa buzu.

Ba ni na fara wannan ƙorafi ba. Malamin kiɗa Ephraim Amu ya rasa aikinsa a Akropong a shekarun 1930 saboda ya yi wa'azi da zanen gargajiya, ya kuma ƙi rabuwa da ganguna, shi ne kuma ya gyara sarewar gora ta atenteben har ta shiga aji. Farfesa Kwabena Nketia, ɗan Mampong nan kusa da mu, ya fitar da littafinsa kan kiɗan Afirka a 1974, har ya rasu a 2019 yana wannan hidima. Albarkacinsu kiɗan kete da na adowa sun samu kujera. Kalangu da goge da algaita dai suna bakin ƙofa, sai in an zo darasin “kiɗan Arewa” a ambace su a wuce.

Gaskiya ɗaya zan faɗa maka, kada ka ce hassada ce. Ranar da dumsor ya faɗo aka ɗauke wuta, duk kibod ɗin makaranta suka mutu, kai kaɗai ka ci gaba da aiki. A jikinka kuma na fara jin yadda muryoyi huɗu ke tafiya tare ba tare da sun taka juna ba, abin ya shiga raina har yau.

Saboda haka ba murabus nake nema ka yi ba. Ka matsa kaɗan kawai. In shugabanni sun zo duba ka, ka raɗa musu su ɗauko makaɗin kalangu daga Zango ya koyar, a biya shi albashi kamar kowane malami, a sa darasinsa cikin jarrabawa. Ina so in ga abokaina na coci suna gumi da tsirkiya a hammata, ni kuma ina gefe ina ce musu, “A hankali dai, za ku iya.” A kuma nemo mai gyara ya duba haƙorin nan kafin hunturu.

Wassalam.
Naka mai biyayya dole,
Ɗalibin kiɗa, Zangon Kumasi.