Yadda Ake Zama Shugaban Gobe Cikin Kwana Biyar

To ƙanena, na ji an ce sunanka ya fito cikin waɗanda makarantarku za ta tura birnin Heg na ƙasar Holan, taron nan na THIMUN da ake yi duk watan Janairu tun 1968, inda ɗaliban sakandare kimanin 3,000 ke haɗuwa su kwaikwayi zaman Majalisar Ɗinkin Duniya. Allah ya sanya alheri. Matso ka ji abin da ba a rubuta a takardar gayyata ba.

Da farko ka kame bakinka har biza ta fito, don wanda ya yi sallama da unguwa sau biyu ba ya sake samun kuɗin guzuri. Cikin takardun da za a nema akwai inshorar lafiya ta Yuro 30,000. Ka adana ta da kyau, domin a rubuce dai yanzu ka fi motar Baba tsada.

Sai batun kaya. Kilo 23 aka saba ba akwati ɗaya, Hajiya kuwa za ta cika rabinsa da kilishi da dambun nama da man shanu, wai kada ka rame. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga waje. Kada ka yi gardama da Hajiya, ba za ka ci ba. Ka sa kilishin a jakar hannu, ka cinye shi kafin jirgi ya sauka a Schiphol, ka kuma miƙa wa na kusa da kai. Idan yaji ya sa shi hawaye amma ya sake miƙo hannu, ka fara diflomasiyya ke nan.

Sanyin hunturun da kake kuka da shi a Kano wasan yara ne. Ka je wurin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ka zaɓi kwat mai kauri. Kada ka ji kunya, dama daga can ta zo, gida za ka mayar da ita. Ka kuma tanadi gorar ruwa da babu komai a ciki, ita ce butarka, don banɗakinsu takarda kawai ya sani. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, ta faɗi wajen biyar da 'yan mintoci, saboda haka Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kamar motocin ɗaurin aure. Daɗin abin, kai da ake yayyafa wa ruwa kafin ka tashi Asuba, a can za a ɗauke ka waliyyi.

A titi, idan ka ga wata 'yar hanya ja mai kyau, ba don ɗaukar hoto aka shimfiɗa ta ba. Ta masu keke ce, kuma tsohuwar Holan a kan keke ba ta san baƙo ba. Ƙarfe taransu ma tara ce cif, ba ta da ƙanwa.

A zauren taro ne za ka sha mamaki. Ka kwana kana haddace matsalolin Najeriya, sai a ce kai ne wakilin Mongoliya. Karɓi da hannu biyu, su ma makiyaya ne. Ba a cewa "ni" a wurin, sai dai "wannan wakili yana ganin", kamar bafade na isar da saƙon sarki. Ka riƙe kalmomi uku: ci gaba mai ɗorewa, haɗin gwiwa, masu ruwa da tsaki. Duk inda magana ta ƙwace maka, jefa ɗaya, ka gyara gilashi ko da ba ka sa ba. Ƙudurin da za ku kwana uku kuna faɗa kan waƙafinsa ba ya tilasta wa kowa komai. Kada hakan ya dame ka, yawancin na babban zauren Majalisar da ke New York ma shawara ce.

Ka tabbata ka yi hoto a gaban Fadar Zaman Lafiya, wadda aka buɗe a 1913, mazaunin Kotun Duniya. Amma kada ka kuskura ka rubuta a Facebook cewa "yau an kai mu kotu a Heg". Kaka tana jin rediyo, ta san irin mutanen da ake kaiwa Heg, kafin ka dawo an sauke Alƙur'ani uku.

Tsaraba kuwa, sayi maƙalan makulli masu ɗan takalmin katako guda talatin, za a sami mutum sittin suna jira. Kwana biyar ba ya canja harshe, don haka kada ka sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano kana tambayar yadda ake cewa ruwa da Hausa. Washegari da safe, kafin ka gama ba da labarin yadda ka kare martabar Mongoliya, Hajiya za ta miƙo maka bokitin markaɗe, ta ce mai girma wakili ya yi sauri kafin a ɗauke wuta.