Bakano da Bindigar Salatif

Zuwa ga Bakanon nan namu da ke Houston, wanda ya baro rumfar babansa a Kantin Kwari ya tafi koya wa Amurkawa ciniki. Ubangidanka na Zazzau yana gaishe ka. Ba sai ka miƙe ba, ka karanta a durƙushe yadda aka saba.

Labari ya iso Zariya cewa ka shiga wasan harbin takarda, har ka sayi 'yar ƙaramar bindiga Ruger 10/22, ta hannu, bayan ka yini kana taya ta har mai kanti ya nemi maganin ciwon kai. Na kuma ga hoton takardar da ka harba. Huji ko'ina, sai ka ce an watsa wa kaji tsaba, amma baƙin ɗigon tsakiya ya fita lafiya ƙalau, ko ƙwarzane babu. Kai kuma ka dage laifin bindiga ne.

Bari in wanke baiwar Allah. Tun 1964 kamfanin Ruger yake ƙera ta, an sayar da miliyoyi, kuma da ita yaran Amurka da yawa suke fara koyon saiti. Harsashin da take ci, .22 LR, ya fito tun 1887, wato shekara 16 kafin Turawa su fasa ganuwarku a 1903. Kada ka tambaye ni yadda aka yi da Zariya, shafin nan nawa ne. Da wannan ɗan harsashin mai kaurin milimita 5.6 ake gasar Olamfik daga nisan mita 50, inda da'irar maki goma ba ta wuce milimita 10.4 ba. To wanne ne bai iya aikinsa ba a cikinku?

Da aka ce maka akwai bututu mai kauri da gindi na musamman da ake sayarwa, waɗanda in ka haɗa kuɗinsu sun fi na bindigar kanta, an ce sai da aka yayyafa maka ruwa. Ka farfaɗo ka rantse ba za ka ƙara ko sisi ba, da kanka za ka gyara ta a gareji. A nan, ko da yake faɗinsa yana yi mini ɗaci, rowarka ta kai ka kusa da gaskiya. Yawancin abin da ke gyara harbin sabon shiga ba ya cin kuɗi, domin ba ƙarfen ne ke rawa ba, mutumin da ke riƙe da shi ne.

Ɗauki safar nan da ka cika da shinkafa. Dabara ce da maharban takarda suka daɗe suna yi: a sa jakar yashi a ƙarƙashin gaban bindiga, a tura safar a ƙarƙashin gindinta, in ka matse ta da hannun hagu gindin ya ɗaga bakin ya sauka, in ka sassauta ya koma, ba sai kana ɗaga bindigar da ƙarfin dantse ba. Daidai ka yi. Inda Kanancin ya fito shi ne da ka dawo gida ka kwance safar ka mayar wa matarka Hajiya shinkafarta cikin buhu. Ta kira uwargidana tana tambaya ko a Zazzau ma haka maza suke.

Sai maganar kunci, wadda ita ce babba kuma ita ka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Gindin wannan bindiga an sassaƙa shi ne don mai saiti da 'yan ƙarafunan da ke kan bututu. Da ka ɗora mata madubin hange, layin gani ya hau sama, kuncinka ya rasa wurin zama, sai haɓarka ke lilo a iska. Yau idonka yana nan, harbi na gaba ya gusa, harsashi kuwa inda ka nuna masa yake zuwa. Maganin bai wuce guntun soso ba, irin wanda ake naɗe bututun ruwa da shi, a ɗora a kan gindin a naɗe da bandeji mai kama kansa. Gwajinsa kuma kyauta ne, abin da ka fi so: rufe ido, kwantar da kunci yadda ya yi maka daɗi, sannan ka buɗe. In ka ga da'irar madubin cike ba duhu a gefe, ya yi. In sai ka miƙa wuya, ƙara soso. Kai kuma me ka yi? Ka yanko silifas ɗin banɗaki ka laulaye shi da salatif ruwan ƙasa na ɗaure kwali, har yanzu tambarin wani kanti yana jiki. Rana ta yi zafi irin ta Texas, gam ya narke, ka dawo gida da rabin gemu.

Madubin ma ka saye shi ne don an karya kuɗinsa, ba ka duba ko na wace bindiga ba ne. Na manyan bindigogi galibi an daidaita shi a yadi 100, na irin taka a yadi 50. In ka harbi abu na kusa da madubin da ba nata ba, ɗan motsin kai kaɗan sai alamar saiti ta zame daga kan abin da kake auna. Wannan ma kuncin da ya zauna wuri guda yana rage shi.

An kuma ba ni labarin gwajin takardar kuɗi. Masu wannan harka sukan zura dala ɗaya tsakanin bututu da katako su ja ta, don su ji inda katakon ke taɓa ƙarfe, tunda matsin da bai daidaita ba yana karkatar da harbi. Wai ka riƙe dalar kana kallonta, ka mayar aljihu, ka ɗauko rasit ɗin man fetur. Allah ya shirye ka. Duk da haka akwai abu biyu da sukudireba kawai suke bukata. Zoben ƙarfen da ya rungume bututu da katako a gaba, ka gwada harbi da shi a sassauce, ka gwada an cire shi, ka ga wanne ta fi so. Notin nan guda ɗaya da ke riƙe ƙarfen a cikin katako kuma, ɗaurinsa ya zama iri ɗaya duk lokacin da ka kwance ka mayar. Ba buhun gyaɗa ba ne da za ka taka da ƙafa ka ja. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a harba biyar a duba, sannan a taɓa na gaba. Mu da muke da jami'a tun 1962, wadda taku ta Bayero ta girma a goyonta, haka muke gwaji. Kai ka canza abu shida a dare ɗaya, yanzu ba ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Inda rowar ta kashe ka shi ne harsashi. Ka je ka ɗauko babban kwali mai ɗaruruwa a zube, don ka lissafa ka ga kowane ɗaya ya fi sauƙi. Waɗannan masu gudu ne, suna fita sun wuce gudun sauti, wanda yake wajen mita 343 a daƙiƙa, sannan su rage gudu a hanya su faɗo ƙasa da shi, kuma a wannan tsallakawar sukan yi tangaɗi. Masu neman maki sun fi son mai matsakaicin gudu, wanda tun daga baki bai kai gudun sauti ba. Sayi ƙananan kwalaye iri uku ko huɗu, ka gwada kowanne, domin kowace bindiga da wanda take so. Araha ba ta ado, ko da yake na san a Kano wannan karin magana zagi ne.

Abu guda ban yarda ka taɓa ba ko da wasa: kunama. Na ji kana neman zarto wai za ka goge ta ta yi laushi. Wanda bai san aikin ba yana iya mayar da ita mai tashi da kanta in an bugi bindigar. Kamfanin yana sayar da wata haɗaɗɗiya mai laushi, BX-Trigger, ko ka kai wa maƙerin bindiga ka biya. Ka ji kalmar, biya. Kafin ka ɗauki sukudireba kuma, zare kwanson harsashi, ja sakatar bindigar baya ka leƙa ciki da idonka. Ƙanƙantar harsashin kada ta ruɗe ka, a jikin kwalinsa an rubuta yana da haɗari har fiye da mil guda. Tabarau da toshin kunne ba ado ba ne. Dalma ce a jikin harsashin, don haka wanke hannu da sabulu kafin ka kai shi kan gurasa.

Sauran kuwa zama ne a ƙasa da maratayi a dantse, da koyon sakin numfashi kafin a matsa kunama a hankali. Akwai masu koyar da haka a can, Project Appleseed, inda ake harbi daga mita 25, wanda ya ci maki 210 cikin 250 a ba shi lamba. Je ka yi rajista. In da a gida kake da na kai ka ƙofar dafon sojoji na Zariya ka ga yadda ake mayar da 'yan ƙauye masu saiti, har da 'yan ƙauyen Kano.

In za ka zo hawan Sallah, ka baro ta can. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta san abokin wasa ba, ni kuma ba na belin Bakano sai da jingina. Kuɗin sharata na bana dai ka turo kafin cika-ciki, da dala, ba da rasit ɗin fetur ba.