Jinjina ga Sauro Mai Ɗigon Fari

Ranka ya daɗe, falken duniya, sauro mai ɗigon fari a ƙafa, wanda likitoci ke kira Aedes. Daga Afirka ka tashi, ka bi gangunan ruwan jiragen bayi ka sauka Amurka, ga shi hajarka, zazzaɓin dengue, ta kama mutum fiye da miliyan 6 a Brazil a 2024 kaɗai. Ƙaninka na Asiya kuwa cikin tsofaffin tayoyi yake ƙetare teku. A 1991 aka gan shi a Jihar Delta, yau har Faransa da Italiya yana da gida.

Zumunci ma ba ka yar ba. A 2023 ka kai wa Burkina Faso ziyarar da ta ci rai fiye da 700, a Nuwamban shekarar ka leƙo Sakkwato har hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta shaida zuwanka. Cutar shawara da ta dawo Najeriya a 2017, danginka suka yi mata dako.

Amma tsaftarka ta fi komai burge ni. Kwatami ka bar wa wasu. Kai sai ruwan randar da uwargida ta tara a Dambatta ko Kunchi don famfo bai zo ba, sai kaskon kaji, sai tayar da aka danne rufin kwano da ita, ruwan damina ya kwanta a ciki. Ƙwanka ya manne a bangon tulu, ya bushe wata da watanni, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Wane manomi ke da iri mai wannan haƙurin?

Ga kara. Ka bar wa sauron maleriya dare, shi da gidan sauron da aka raba. Kai da hantsi da la'asar kake aiki, lokacin da yaro ke wasa a tsakar gida ba riga.

Kuma ba ka son a yayata alherinka. Yaro ya kwanta, kai na sarawa, bayan ido na ciwo, gaɓoɓi duk sun ɗaure. A kai shi kemis, a ce maleriya ce, a haɗa masa da ibuprofen, wanda ke taya ka tsinka jini. Dasashi ya fara zubar jini, a ce a gwada maganin taifot. Ko ya tashi ko bai tashi ba, sunanka ba zai shiga takardar kowa ba, tunda ba kasafai kayan gwajin da za su tona ka ke isowa asibitin karkara ba.