Fenti Bakwai

A wani lungu na Kaduna, bayan layin masu sayar da tsofaffin fankoki, akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da nakan je wurinsa hira idan rana ta yi sanyi. Shagon bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Da ƙuruciyarsa ya yi wa masu kiɗan zamani dakon kaya, zamanin da Bala Miller da mutanensa ke tashe a garin, a nan ya san cikin lasifika da cikin jita. Yanzu fanka da dutsen guga da rediyon masu gadi su ne abincinsa.

Wata Talata cikin hunturu, baƙar jif ta toshe lungun. Mutum uku suka fito, shaddarsu na ƙara, da yaro a bayansu rungume da wani dogon abu a cikin buhu. 'Yan gida ɗaya ne, babban gida, irin wanda kowa ke da ɗakinsa amma babu mai sharar tsakar gida. Suka ce jita ce, kayan gado. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar wa kakansu ita. Kakan bai daɗe da ita ba ya riga mu gidan gaskiya, ba zato ba tsammani, daga nan ta yi ta yawo daga wannan hannu zuwa wancan, wani ya karɓa da lalama, wani ya fizge. Yanzu suna da biki nan da wata guda, na tunawa da ranar da aka kafa gidan, suna so a fito da ita jama'a su gani.

Baba mai shagon ya zare buhun. Jitar bes ce.

Ita bes, ga wanda bai santa ba, ita ce mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ke can ƙasa. Wani mai gyaran rediyo ne ma ya yayata ta a duniya, Leo Fender na garin Fullerton a Kalifoniya ta Amurka, mutumin da shi kansa bai iya kaɗa jita ba. A 1951 ya fito da ita da sunan Precision Bass. Kafin nan masu kiɗa na fama da wata ƙatuwar goge da ake tsayarwa a ƙasa, tsayinta kamar na mutum, ga wahalar ɗauka, kuma da ganguna sun ɗauka sai a daina jin ta. Tsirkiyar bes mafi kauri tana girgiza sau 41 a daƙiƙa guda. Irin wannan sauti ƙirji ya fi kunne jin sa. Shi ya sa a wurin biki ba a yi wa mai bes liƙi. Ana liƙa wa mawaƙi, a liƙa wa mai ganga, shi kuwa yana can baya kusa da wayoyi, alhali a kansa ƙafafun masu rawa suke sauka. Ranar da ya yi shiru ne kowa ke cewa kiɗan yau ba armashi, ba tare da an san abin da ya ɓace ba.

Haka abin yake har a inda aka ƙera ta. James Jamerson ya kaɗa bes a waƙoƙin kamfanin Motown na Detroit shekara da shekaru, duniya na rawa, kamfani na kwasar kuɗi, amma ba a rubuta sunayen makaɗan a jikin faifai ba sai wajajen 1971. Da ya zo mutuwa a 1983, an ma riga an sace jitar tasa.

Wadda aka kawo wa Baba irin ta Fender ɗin ce, sai dai da ƙyar za ka gane. Fara ce fat, tana sheƙi, da mamurɗai shida masu ruwan zinariya a ƙirjinta. Ni da na gan ta na ce, ai wannan ba ta buƙatar komai. Baba bai tanka mini ba. Ya ɗaga ta, ya sa ido ɗaya a kanta ya hango tsawon wuyan kamar mai duba bakin bindiga, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Alhaji, ku bar mini ita kwana uku tukuna in ji ciwonta."

Kwana ukun nan ban yi fashi ba.

Da fari ya saki tsirkiyoyin a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sun yi tsatsa har sun koma ja. Ya kwance noti huɗu na baya, wuyan ya rabu da gangar jiki. A gindin wuyan, inda fenti bai taɓa kaiwa ba, akwai rubutun fensir da ya dushe. Ma'aikatan Fender na wancan zamani kan rubuta wata da shekarar da suka gama aiki a wurin. Baba ya goge da babban yatsa, ya kai wa haske: 10-60.

"Ta manyanta," ya ce. Ya ajiye.

Sai ya ɗauki reza ya kankare wani ɗan wuri a baya, faɗin kwabo, yana bi sannu-sannu kamar mai feƙe fensir. Ƙarƙashin farin akwai wani farin, ƙarƙashinsa wani, kowanne da irin gwangwaninsa. Can ƙasa sai kore mai duhu irin na motar soja, mai kauri, an shafa shi da gaggawa har buroshi ya bar sawu. Ƙarƙashinsa wani siririn fari da ko bushewa bai gama yi ba aka danne shi. Ƙarƙashin wannan kore ne kuma. Muka ƙirga fenti bakwai. Babu wanda ya kankare na wanda ya gabace shi, babu wanda ya ko share ƙura kafin ya shafa nasa. A tsakanin na huɗu da na biyar mun sami fiffiken kyankyaso kwance lafiya lau. Kowane mai riƙo, in ji Baba, abin da ya fara yi ranar da ta shigo hannunsa ke nan: ya tara mutane, ya ce wanda ya gabace shi ya lalata ta, ya aika a sayo fenti.

A ƙarshen duka launin asali ya leƙo: baƙi a gefe, ja a ciki, rawaya a tsakiya, kamar fitowar rana. Ɗan wurin nan da bai fi kwabo ba ya fi duk sauran jikin kyau.

Amma ba fenti ne ciwon ba, wuya ne. Tsirkiya huɗun nan idan aka ɗaure su daidai suna jan wuyan da nauyin da ya fi buhun siminti, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Itace kaɗai ba zai jure ba. Don haka aka binne sandar ƙarfe a cikin wuyan, daga kai har gindi, da noti a ƙarshenta. Tsirkiya na ja gaba, sanda na ja baya, a tsakaninsu wuya ke miƙewa. Kuma itace na da rai ko bayan an sare shi: damina ta kumbura shi, hunturu ya tsotse shi. Mai jita na ƙwarai yakan duba notin nan idan yanayi ya juya, ya ɗan murɗa. Ba aikin da ake gani ba ne, domin a irin wannan tsohuwar ƙira sai an kwance kafin a kai gare shi, kuma babu mai tafa maka idan ka yi.

Notin wannan jita ya haɗe da tsatsa ya zama abu guda. Bakinsa ko ƙwarzanen sukundireba babu. Tun da ya baro hannun maƙeransa ba wanda ya taɓa shi.

Sauran labarin a jikin wuyan yake. Da ya fara lanƙwasa, sauti ya sauka. Mai riƙo ya ji sauti ya sauka, sai ya ƙara ɗaure tsirkiya, don shi ne abin da ke kusa da hannu. Wuya ya ƙara lanƙwasa, sauti ya sake sauka, aka ƙara ɗaurewa. Shekara da shekaru ana haka, har tsirkiyoyin suka yi nisa da itacen, yatsa na shigewa tsakani. Duk yaron da aka ba ya kaɗa sai ya danna har yatsunsa su fashe kafin ya fitar da sauti ɗaya, kuma in ya yi ƙorafi a ce yaran yanzu ba su da juriya.

"Baba, zai miƙe kuwa?"

"Zai miƙe, Malam, amma ba da ƙarfi ba."

Ya ɗiga mai a kan notin, ya bar shi ya kwana. Ya ɗiga kuma. Ya ce sai an ɗaure wuyan a kan miƙaƙƙen katako, a ɗan ɗumama shi, a bar shi ya huce a haka. In notin ya saki, rubu'in juyi kawai ake yi, a jira kwana ɗaya itace ya amsa, sannan a ƙara. Wanda ya ce zai gama a zama ɗaya zai ji ƙas, sandar ta karye a ciki, daga nan kuma sai fiɗa.

A rana ta uku ya buɗe ƙirjin. Zanzaro ya yi gini a ciki, ɗaki uku. Mamurɗan nan shida masu ruwan zinariya, biyu ne kawai ke da waya. Asalin jitar biyu take da su, ɗaya na ƙara murya, ɗaya na tace ta. Sauran huɗun da gam aka manna su a kan fenti, kowane mai riƙo ya ƙara nasa don a san ya yi aiki. Suna juyawa sumul, kana iya wuni kana murɗawa. Na asalin kuwa, da maɗauran tsirkiya na asali, an daɗe da cire su. Irin waɗannan tsofaffin kaya suna da tsada a ƙasashen waje, wani daga cikin gidan ya san haka. Ya sayar da na ƙwarai, ya sayo na gwangwani ya mayar.

Abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya kai wa lasifika maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe, siririya kamar gashi, naɗi dubbai. Tun 1957 Fender ya raba shi gida biyu, koyil ɗaya a ƙarƙashin tsirkiyoyi biyu na sama, ɗaya a ƙarƙashin biyu na ƙasa. An naɗe su saɓanin juna da gangan. Kowanne shi kaɗai yana kwaso gurnanin lantarki, amma da yake sun saɓa, gurnanin wannan na kashe na wancan, sai kiɗa zalla ya fita. Kuma wuta sai ta ratsa ɗaya kafin ta shiga ɗayan. Baba ya ɗora mita, allura ba ta motsa ba. Wani ya taɓa warware rabin wayar koyil ɗin sama, Allah kaɗai ya san abin da ya yi da ita.

Da masu gida suka dawo ya shimfiɗa musu komai a kan tabarma, ya yi bayani dalla-dalla. Sun saurara na minti biyu. Sai babban ya ce ɓarnar nan tun zamanin kawunsu ce. Na tsakiya ya ce a'a, 'yan ɗakin su wane ne. Ƙaramin, wanda ya fi su boko, ya ce tunda koyil ɗaya ne ya mutu, a yanke shi a jefar, a zauna da mai rai.

"Ana iya yi, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Tsirkiya biyu za su yi magana, biyu su yi shiru. Gurnanin kuma ya dawo, don babu mai kashe shi."

Suka tambayi kuɗi. Ya faɗa. Bai kai kuɗin man da jif ɗin ta sha zuwa lungun ba, har suka dubi juna, kamar ƙanƙantar kuɗin ta rage wa aikin daraja. Suka tambayi lokaci. Ya ce wata uku, wataƙila huɗu, sai yadda itacen ya ce. Nan fuskoki suka canza. Babban ya ce za su koma gida su kafa kwamiti.

Sati uku ba labari. Baba bai jira kwamiti ba. Ya sayo waya da kuɗinsa, ya kafa ɗan injin da yake naɗa koyil ɗin fanka, kullum bayan la'asar yana naɗi yana ƙirgawa a zuci, in wayar ta tsinke ya koma farko. Notin ya saki a kwana na tara. Na ga ranar, ya yi murmushi kamar an yi masa haihuwa. Wuyan ya fara dawowa, kaurin takarda yau, kaurin takarda jibi.

Saura kwana shida biki suka zo. Kwamiti ya zauna, ya yanke shawara. An samu mai fentin mota da zai fesa ta cikin kwana biyu, kuma wani ɗan gidan ne ya samu kwangilar. A mayar da ita yadda take.

Baba bai yi musu ba. Ya mayar da wuyan, ya ɗaura noti huɗu, ya mayar da mataccen koyil mazauninsa. Abu ɗaya ya roƙa. "Alhaji, don Allah ku bar tsirkiyoyin a sake. Itacen na tsakiyar hanya. In aka ɗaure shi yanzu zai koma, har ya wuce inda yake da."

Alhaji ya ce sakakkiyar tsirkiya ba ta kyau a hoto.

An gayyace ni bikin, na je. An yi rumfuna, an yanka shanu. Da aka zo wurin kiɗa aka fito da ita a kan matashi, fara ƙal, mamurɗan sun zama bakwai. Aka rataya wa wani kyakkyawan saurayi ita, ya tsaya a gaba yana kaɗa kai, yatsunsa na yawo a kan tsirkiya. Sautin bes ya cika fili har ƙirji na amsawa. Daga bayan rumfa yake fitowa, inda wani yaro ke zaune da fiyano irin na masu kiɗan fim, an latsa masa maɓallin da ke kwaikwayon bes. Wayar jitar kuwa ta sauko ta bi ƙugun saurayin ta shige aljihunsa na baya. Sanƙira ya ce tun da aka kafa gidan ba a taɓa jin muryarta ta fita kamar yau ba. Aka tafa. Aka yi wa Alhaji liƙi.

Washegari na tarar da Baba yana kwance wata fanka. Sabon koyil ɗin na kan kanta cikin gwangwanin madara, ya rufe shi da tsumma saboda ƙura. Bai tambaye ni abinci ko yawan jama'a ba.

"Yaya ka ga wuyan?" ya ce.

Na ce daga nesa aka zaunar da mu, fentin kawai na gani.

Ya gyaɗa kai, ya ce in miƙo masa sukundireba.