Na Sayi Akurki Mai Taya Huɗu

In za a bi gaskiya, tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon ita ta ja mini. Duk wanda ya dasa tumatir a Kadawa a 2016 ya san ta. Ka kwana da gona kore shar, bayan 'yan kwanaki ka tarar da ganye kamar an babbaka. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a nan gefenmu a shekarar, ita ma sai da ta tsaya don babu abin markaɗawa. To in Ɗangote ya tsaya, ina ga malamin firamare mai 'yar gonar da ba ta cika kadada ba? Na ɗaga hannu a gaban iyalina na ce ni da tumatir har abada. Da rani ya zagayo na yi albasa da alkama, Allah ya rufa asiri, kuɗi suka ɗan taru. Kuɗi kuwa a aljihun wanda bai saba da su ba, ƙaiƙayi suke yi.

Ana cikin haka ɗan ƙanwata da ke karatu a Kano ya zo hutu. Wata rana bayan la'asar ya miƙo mini waya.

"Kawu, ka san wannan motar?"

"Landiroba ce mana. Irin ta 'yan sanda da malaman gona na da."

Sai ya gyara zama. Ya ce an fara ƙera ta a Ingila tun 1948, kuma a watan Janairun 2016 kamfanin Land Rover ya daina yin mai tsohon fasalin nan, shi ya sa Turawa suka haukace a kan tsofaffin. Kamfanin da kansa ya shiga duniya yana tsinto na farko-farko, ya gyara, ya sayar daga fam dubu 60 zuwa sama. Na ce ya mayar mini da shi naira. Ya danna, ya nuna mini. Na ce ya sake, wataƙila yatsansa ya zame a kan sifili. Ya sake, lissafi bai canza ba. A daren nan juyi kawai na yi ta yi a kan gado, domin na san inda wata take kwance.

Akwai wani dattijo a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kowa Baba Direba yake ce masa. Shi ya riƙa tuƙa injiniyoyi zamanin Gwamna Audu Baƙo, lokacin da ake haƙa kanal-kanal ɗin nan, tun kafin a gama madatsar Tiga a 1974. Da aka yi gwanjon tsofaffin motoci ya sayi wadda yake tuƙawa. Tun ina saurayi nake ganin ta a gindin tsamiya bayan gidansa, ban taɓa yi mata kallo na biyu ba sai da aka mayar mini da ita naira.

Muka je da yaron. Ga ta nan, tayoyi sun nutse a ƙasa, fenti ya koɗe ya koma kalar ƙurar hunturu. Fitilunta biyu a tsakiyar fuska, kusa da juna, kamar mai harara-garke. Yaron ya raɗa mini cewa wannan alama ce ta 'yan kafin 1970. Sitiyari kuma a dama, wato ta shigo tun ana tuƙi a hagu, kafin Nijeriya ta koma hannun dama a watan Afrilun 1972. Na ƙwanƙwasa ƙofa, na ƙwanƙwasa gefe, ko ɗigon tsatsa babu. Ya ce ai jikin alminiyam ne, don bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi wuya a Ingila. Na leƙa ciki, kaji wajen goma suka leƙo ni. A gefen direba ga sandunan giya, baƙi da ja, da wani mai kan ruwan ɗorawa. A kan bonet akwai tayar safaya, a cikin raminta wata jar kaza ta baje tana kwanci.

Na ce, "Baba, a ɗan ɗaga bonet in ga inji."

Ya ce, "Haba Malam, ka bar baiwar Allah. Saura kwana uku ta ƙyanƙyashe."

"To injin lafiyarsa ƙalau?"

"Injin Landiroba? Ai ba ya mutuwa. Wallahi har gobe yana aiki."

Dattijo mai furfura ya rantse, me kuma zan ce? Na tambayi yadda ake tayar da ita in batir ya mutu, ya ce sai an yi mata wani. Na ce wane wani? Ya jawo wani lanƙwasasshen ƙarfe daga ƙarƙashin kujera ya nuna mini ramin da ake zura shi a gaba a murɗa. Wannan ya ƙara burge ni. Motar da ba ta dogara da batir ba ai ta fi ƙarfin zamani.

Ban san daga ina dillali ya ɓullo ba. Ba wanda ya aika masa, amma ina juyowa na gan shi a tsugune yana gaishe mu. Na taya dubu 150, Baba ya ce albarka, a cikinta aka ɗauko amaryarsa ta fari. Na ƙara ashirin, ya tuna ita ta kai mahaifiyarsa asibiti a Kano cikin damina. Na ƙara, ya tuna wani Bature da ya yi kuka ranar da zai rabu da ita. Kowace tunawa sai da ta ci mini dubu ashirin ko talatin. A dubu 280 ya sallama, ban da la'ada, kuma ya gindaya sharaɗi cewa kaji ba sa cikin ciniki.

Da na koma gida na yi wa uwargida bayani. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "Malam, motar tana tafiya?"

Na ce, "Za ta yi."

Ta ce, "Allah ya sa. Ni ma zan je Makka."

Duk da haka, da na zo neman kuɗin jan motar, kuɗin adashinta na ranta. Ta ba ni, amma sai da ta kira 'yarmu ta fari ta zama shaida.

Bayan kwana huɗu, kaza ta sauka da 'ya'yanta, na sayo tsofaffin tayoyi huɗu a wajen mai faci aka ɗaura. Tarakta ba ta samu ba, duk suna gonaki, sai na yi jinga da wani mai shanun huɗa. Ya zo da bijimai biyu da igiya. Ni kuma na saka babbar riga, don na ga bai dace mutum ya shiga motarsa ranar farko da kayan gona ba. Shanu suka ja, mota ta taso sumul. Mai shanu ya waiwayo ya ce, "Malam, motar nan taka ba ta da nauyi ko kaɗan." Na ce masa ai alminiyam ce, na ma ƙara masa da tarihin Yaƙin Duniya.

Muka hau hanyar bakin kanal. Ruwan Tiga na gudu a hagu, a dama gonaki, masu ban ruwa suna ɗagowa daga kan bututunsu suna kallo, yara sun biyo mu a baya da ihu. Ina ɗaga wa jama'a hannu ta taga. Sai muka iso wani ɗan gangare kafin kwalbati. Nan na lura igiya ta yi sako-sako, mota ta fara cim ma shanu. Na taka birki. Birki ya tafi har ƙasa, kuma bai dawo ba. Ɗan ƙanwata yana gudu a gefe da waya a hannu yana karanto mini: "Kawu, ja jan! A'a, danna mai ruwan ɗorawar!" Na ja ja, na danna ruwan ɗorawa, na ja baƙi, har ƙarfen wanin na ɗaga ban san me zan yi da shi ba. Mai shanu, da ya ga dukiyarsa za ta salwanta, ya zaro wuƙa ya datse igiya ya kaɗa bijimansa gefe. Sitiyarin kuwa sai ka juya shi rabin zagaye kafin tayoyi su samu labari. Na kauce wa kanal da ikon Allah, na gangara dama, na keta kunya bakwai na wata gona, mota ta tsaya a tsakiya.

Gonar tumatir ce. Jajaye, nunannu, an ajiye kwanduna a gefe za a kai Kwanar Gafan washegari. Na fito da babbar riga ta koma kamar ta mahauci. A gaban mai unguwa aka ƙiyasta ɓarna kwando goma sha ɗaya. Ni da na rantse na rabu da tumatir, sai ga ni na sayi kwando goma sha ɗaya a rana guda, markaɗaɗɗe kuma.

Da ƙyar aka kai ta garejin wani bakanike a Kura. Ya sauke safaya, ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira yaransa su ma su zo su gani. A ciki akwai wata tsohuwar ƙwarya, da ƙwai uku da suka daɗe da lalacewa, da gidan rina. Ta inda inji ya kamata ya zauna kuwa, ƙasa nake hangowa.

Na hau babur ban tsaya ko'ina ba sai gindin tsamiya.

"Baba, ba ka rantse mini inji yana aiki ba?"

"Yana aiki mana, Malam. Ai ba ka tambaye ni a ina ba."

Ya kama hannuna muka zaga bayan masallaci. Tun daga nesa nake jin ƙugi. Ga injina nan an ɗaure shi a kan katako, an sa masa bel, yana juya injin niƙa, mata sun yi layi da kwanukan masara. Shekara goma sha wani abu ke nan da Baba ya sayar da shi. Na taya, mai niƙa ya faɗi kuɗin da ya fi na motar. Na tsaya na saurari sautinsa, kuma in faɗi gaskiya, lafiyarsa ƙalau. Dattijon bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ni na yi cinikin biri a sama.

Bakaniken ya ƙara mini da wani albishir. Ya shiga ƙarƙashi da sukundireba ya soki shasi, ta shige kamar an soki dafaffiyar kabewa. Ashe jikin ne kawai alminiyam, ƙashin bayan ƙarfe ne, kuma ƙasarmu ta Kadawa da ke shan ruwa rani da damina ba ta barin ƙarfe ya kwana lafiya. Riga fes, ƙashi ya ruɓe.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na shiga Kano, Kasuwar Ƙofar Ruwa, neman kayan gyara. Duk shagon da na ambaci irin motar sai a yi murmushi a tura ni gaba, har aka haɗa ni da wani tsoho da ya ce rabon da a tambaye shi kayanta tun zamanin Shagari. Na dawo da dabara: tunda ba za ta yi tafiya ba, bari ta yi kyau. Na kira mai fenti ya kankare tsohon launin nan ya fesa mata ja mai ƙyalli. Mai walda ya cire ragar gaba da ta lanƙwashe ya ƙera sabuwa mai zanen tauraro. Aka fitar da kujeru, da agogunan gaban direba da suka daina motsi, da tambarin kamfani da ya dushe, da wani ɗan faranti mai lambobi da aka manna a ciki, wanda na ga yana ɓata wa fenti tsari. Na tara tarkacen a ƙofar gida, 'yan gwangwan suka ɗora a sikeli suka ba ni naira 3,500. Har na ji daɗi na rage asara.

Yaron ya sa hotuna a Facebook. Wata biyu ba labari, in ban da wani da ya kira ya ce daga Landan yake, in tura masa kuɗin fito tukuna. Ko ni na gane wannan.

Sai ga wani Alhaji daga Kaduna, wanda sana'arsa ke nan: ya bi ƙauyuka ya tsinci irin waɗannan motoci, wasu ya gyara, wasu ya fasa ya sayar da kayan. Hoton farko ya gani, wanda aka ɗauka a gindin tsamiya da kaji a ciki. Ya sauko daga motarsa, ya zaga tawa sau ɗaya, ya dubi wayarsa, ya dube ni.

"Malam, ina wadda ke cikin hoton?"

Na ce, "Ai ita ce, Alhaji. Gyara ta sha."

Ya yi salati a hankali. Ya ce masu sayen nan koɗaɗɗen fentin suke so, shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Ya tambayi ragar gaba, da agoguna, da tambari. Ya tambayi farantin nan mai lambobi, ya ce lambar shasi ce, ita ke faɗin shekarar mota da asalinta, in babu ita ba mai yarda ya saya a waje. Ya ce da na bar komai yadda yake, ko ba inji zai mayar mini da kuɗina har da riba. Ban jira ya gama ba na ruga wajen 'yan gwangwan. Suka ce ƙarfen ya bi tirela tun watan jiya, alminiyam ɗin kuma masu ƙera tukwane sun kwashe. Wataƙila yanzu haka wata tana tuƙa tuwo a cikin ribata.

Alhaji ya tausaya ya sayi giyabos da aksul biyu a kan dubu 90. Na miƙa wa uwargida kuɗin adashinta a gaban shaidarta, abin da ya rage na biya mai fenti. Gangar jikin kuma, da yake an cire mata ƙafafu, aka ɗora ta a kan bulo a tsakar gidana. Ba a yi mako ba kajin uwargida suka tare. Ta ce ba ta taɓa samun akurkin da muzuru ya kasa shiga ba sai wannan, kuma kuɗin ƙwai nata ne tunda kajin nata ne.

Har yanzu akwai ƙofofi, da gilashin gaba, da ƙarfen wani, duk lafiyayyu. Mai bukata ya same ni a gida bayan la'asar, ba sai da dillali ba. Bonet ɗin ne dai sai an ɗan yi haƙuri, akwai wadda ke kwanci a kai, saura kwana uku ta ƙyanƙyashe.