Masu Gadin Kilomita

A watan Agustan 2021, a wani gwanjo a Pebble Beach da ke Kalifoniya, an sayar da wata McLaren F1 ƙirar 1995 a kan sama da dala miliyan 20. Guda 106 kacal aka ƙera irinta, kuma a zamaninta babu motar titi da ke kamo ta a gudu. Amma abin da ya sa attajirai suka yi ta ɗaga hannu shi ne agogonta: kimanin kilomita 390 ta yi cikin shekara 26. Ko Kano zuwa Maiduguri ba ta kai ba.

Wanda ke sayen irin wannan shi ne mai gadin kilomita, babban yayan masu tara tsofaffin motocin tsere. Ya biya kuɗin gudu, ya kulle gudun a ɗaki mai sanyi, ya lulluɓe da mayafi, ya jona batir da caja. In za a kai motar baje koli, a kan tirela za ta tafi. In za a matsar da ita a gareji, yara ne za su tura, shi kuma yana gefe yana lissafin taku. Motarsa tamkar kwanukan jeren amarya ce, an saye su don ci amma wanda ya zuba musu miya ya shiga uku. Abin dariyar, zama ciwo ne ga mota. Roba ta bushe, fetur ya lalace ya toshe kafireto, tayoyi su lotse, man burki ya sha ruwa. Sai ka ga bawan Allah yana biyan bakanike kuɗin gyaran motar da ba ta je ko'ina ba. Wanda zai saya a hannunsa ma ba zai tuƙa ba, don kowace kilomita da ta ƙaru, farashi ne ya ragu.

Maƙwabcinsa malamin lambobi ne. Shi bai damu da kyan mota ba. Da tocila yake zuwa, ya kwanta a ƙarƙashinta da kwat ɗinsa mai tsada, yana duba ko lambar inji ta dace da wadda kamfani ya rubuta ranar da motar ta fito. Saboda irinsa Ferrari ta buɗe sashen Classiche a 2006, inda ake tantance mota a ba ta jan kundin shaida. In ya gano an taɓa sauya giya a 1974, sai ya miƙe ya karkaɗe wando, ya dubi mai motar da tausayi, ya ce, "Allah Ya ba da haƙuri."

Sai mai ƙura, wanda ni dai har yau yake ba ni mamaki. Burinsa a duniya ya buɗe wata tsohuwar rumfa ya tarar da mota ta shekara 40 kaji na kwana a kai. Kuma yakan dace. A 2014 an gano motoci kusan 60 na wani Bafaranshe mai harkar sufuri, Roger Baillon, suna ruɓewa a rumfuna a yammacin Faransa. Cikinsu akwai Ferrari 250 GT California Spider da ɗan fim Alain Delon ya taɓa hawa, an jibge ta da tsofaffin mujallu. A Fabrairun 2015 aka sayar da ita a Paris a kan sama da yuro miliyan 16. A wajen mai ƙura, wanke irin wannan mota ɓarna ce, ƙurar ma cikin kuɗinsa take. Akwai Bugatti ƙirar 1925 da aka tsamo daga tafkin Maggiore a 2009, rabinta tsatsa ta cinye, aka saye ta sama da yuro 260,000, aka kafa ta a gidan tarihi yadda ta fito.

Mai ƙura da mai goge-goge ba sa ga maciji. Mai goge-goge ɗan gasar kyan motoci ne, irin wadda ake yi a Pebble Beach tun 1950. Da burushin haƙori yake cire ciyawa daga zanen taya kafin alƙalai su iso, ya gyara mota har ta fi yadda ta fito daga masana'anta.

Ɗan kasuwa kuwa bai taɓa jin ƙarar injin motarsa ba. Ya haddace cewa Ferrari 250 GTO guda 36 ce, an sayar da ɗaya dala miliyan 48.4 a 2018, kuma Mercedes 300 SLR Uhlenhaut, ɗaya daga biyu kacal, ta kai yuro miliyan 135 a 2022. Ka miƙa masa makulli, zai tambaye ka ina direba.

Duk waɗannan sun haɗu a kan abu ɗaya: mai tuƙi mahaukaci ne. Rowan Atkinson, wato Mr Bean, ya sayi McLaren F1 a 1997, ya yi ta yawo da ita har ta haura kilomita 60,000, ya yi hatsari da ita sau biyu. Gyaran na 2011 ya ci wa kamfanin inshora fam 910,000. A 2015 ya sayar, rahotanni suka ce a kan kusan fam miliyan 8. Ya ci tuwon ya kuma sayar da kwanon da riba, shi ya sa nake bayansa.

A bakin igiyar da aka kewaye motocin da ita a wajen baje koli kuma, kullum akwai wani dattijo riƙe da waya yana ɗaukar hoto. Zai ce maka kawunsa ya taɓa mallakar irin motar da ke gabanku sak, har launin, ya sayar a arha don ya yi rufin gida. Ka matsa ga mota ta gaba, ka tarar kawun ya mallaki ita ma.